Naman Baƙi

Kawuna maharbi ne, kuma bai taɓa yarda baƙo ya bar gidansa bai ɗanɗana naman daji ba. Ko zomo ne ko fakara, sai an sa maka a kwano. A wurinsa mutuncin gida ke nan. Sai dai a shekarun da aka dawo mulkin farar hula, lokacin da rediyo ba ta da zance sai na Shari'a, dajin bayan ƙauyensu Kahu ya riga ya ƙare. Gonaki sun ci rabi, farautar rani ta kwashe sauran. Abin da ya rage shi ne wata gada guda ɗaya da ke fakewa cikin duwatsu, kuma Kawu kaɗai ya san makwancinta.

Ina koyarwa a Rano a lokacin. Wani abokina na Kano ya fara kai mutane yawon kallon namun daji da tsuntsaye, bisa sharaɗin ba bindiga, ba kare, ba hayaniya, kuma a sallami ɗan garin da ya nuna hanya. Ni na ba shi labarin gadar, don bakina ba ya riƙe magana. Ya ce zai kawo mutanensa ranar Asabar.

Na je na yi wa Kawu bayani dalla-dalla. Ya saurare ni yana gyara igiyar tarko.

"Na gane, malamin boko," ya ce. "Su kalla su tafi. To me za su ci?"

Na ce da abincinsu za su zo. Ya dube ni kamar na zage shi, bai ƙara cewa komai ba. Ni kuwa na ɗauka shirun amincewa ne.

Da hantsin Asabar na iso a babur don in riga baƙin. Na tarar da matar Kawu, wadda muke kira Iya, tana daka yaji.

"Ina Kawu?"

"Ya fita tun bayan asuba," ta ce. "Ya ɗauki bindiga da kan burtu. Ya ce in tanadi yaji, baƙi na tafe."

Kan burtu shi ne kan tsuntsun da maharbi ke ɗaurawa a goshi ya sunkuya, dabba ta ɗauka tsuntsu ne har ya matso kusa da ita. Ba don zomo ake ɗaukarsa ba. Na bar babur a ƙofar gida na ratsa gonakin dawa da gudu na nufi duwatsun, ƙaya na kama min wando, kunnena na jiran ƙarar bindiga. Kunyar abokina ma ta fita daga raina. Abin da ke cina shi ne, gadar nan ta yi shekaru tana ɓoye lafiya, surutuna ne zai sa a yanka ta.

Na same shi a tsugunne bayan wani dutse, burtun na goshinsa, bindigar kuwa a kwance a ƙasa. Ya yi min alama in duƙa. Na bi yatsansa da ido. Ga gadar a inuwar wata tsamiya, ga wani ɗan mitsitsi yana tangaɗi yana laluben nono.

Na zauna daɓas. Ban taɓa jin sanyi a rai irin na wannan lokacin ba.

"Mai shayarwa ce," ya raɗa min. "Ubana bai taɓa harbin mai shayarwa ba."

"Da ba ta haihu ba fa, Kawu?"

"Da yanzu ana fiɗa."

Haka ya faɗa, ko kunya babu. Na rasa ko in yi fushi ko in yi dariya. Shi kuwa abin da ya dame shi daban ne. Tunda ta haihu, akwai namiji a duwatsun nan da bai taɓa ganin sawunsa ba, kuma wannan ya ci masa rai ƙwarai.

Da baƙin suka iso, shi ya ja gaba. Ya sa su tuɓe takalma masu ƙara, ya zagaya da su ta inda iska ba za ta kai warinsu ba. Wani Alhaji mai tumbi ya yi tari, Kawu ya harare shi har ya haɗiye sauran. Suka ga uwar da ɗanta, suka ɗauki hoto, suka dawo suna ta magana ƙasa-ƙasa kamar an fito daga gaisuwar mai jego.

Ɗan akuyarsa Kawu ya yanka musu. Yana miƙa kwanon yana ba da haƙuri, wai gidan maharbi ne amma yau sai naman gida. Suka cinye tas, suka tambaya ko za su iya dawowa su ga ƙaramin in ya girma.

Da yamma ya rako ni bakin babur, yana kallon duwatsun.

"In ka bi ta wajen samarin farauta," ya ce, "ka gaya musu bana kada kare ya hau dutsen can. Ina da baƙi."