Filin da Ke Gefen Kabari

Sayen citta ne ya kai ni Kafanchan daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina. Shekara bakwai ina kwana a ɗakin haya kusa da tashar jirgin ƙasa, ina mafarkin ƙofar da makullinta zai zauna a aljihuna. Da Allah ya buɗa, na sayi wani tsohon gida a bayan layin dogo, mai ɗaki biyar da rijiya da mangwaro guda. Idan damina ta kankama, hazo yakan gangaro daga duwatsu da sassafe ya cika tsakar gidan, har ka ga mangwaron kamar yana shawagi ba gindi. Nakan zauna bakin ƙofa da kofin shayi, ina ganin ɗakunan da ban gina ba tukuna tsaye a cikin hazon, da tagoginsu da labulensu.

Gidan na wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu, 'ya'yansa suka sayar. Mutanen wannan ƙasa da yawa a gida suke binne manyansu, saboda haka kabarinsa yana can bayan ɗakuna, an shafe shi da siminti, da ɗan gicciye a kai. Matarsa tsohuwa ta ƙi bin 'ya'yanta zuwa ƙauyensu, Fadan Kagoma. Ta ce in ba ta hayar ɗakin baya. Ita ce 'yar hayata ta farko, a gidan da ta shiga tana amarya.

Ranar da na tare, ta ja ni zuwa bayan gida.

"Malam mai gida, ka yi sa'a," in ji ta. "Ka saya gida har da maigadi. Ba ya yawo, ba ya neman albashi."

Na ce, "Mama, barcin maigadin nan ya yi nauyi."

"Haka yake tun yana da rai. Jirgi ma ba ya tada shi."

A gefen kabarin akwai fili kamar faɗin tabarma biyu. Ba ta shuka komai a wurin, ko shanya ba ta yi. Ta nuna shi da sandarta.

"Nan wuri na ne. Ranar da Ubangiji ya kira ni, nan za a sa ni. Ka ji, ɗana?"

"Allah ya ja da rai, Mama."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Na ce na ji. Da bakina na faɗa, kuma ba wanda ya matsa mini.

Sauran ɗakunan ba su daɗe ba suka cika: wata malamar makaranta, da ɗaliban jami'a biyu-biyu. Kusan kowane mako sai wani ya yi sallama yana neman ɗaki, in ce babu, ya juya, in bi bayansa da kallo. A nan zuciya ta fara yi mini huɗuba. Ta ce ai maganar ba ta cikin takardar ciniki. Ta ce a garinmu wa yake kwana da kabari, balle biyu? Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san alkawari kaya ne. Ba rashin sani ba ne ya ja ni, kwaɗayi ne.

Da kaka, Mama ta tafi ƙauye haƙar doya, ta ce za ta yi mako uku. Washegari na kira magini ya gina mini ɗakin haya a filin nan na gefen kabari. Ɗan ƙasa ne, ya dubi filin, ya dube ni.

"Oga, tsohuwa ya sani?"

"Mun yi magana," na ce masa.

Kafin ta dawo bango ya kai kai, tsakaninsa da kabarin bai wuce taƙi ɗaya ba.

Da hantsi ɗan acaba ya sauke ta, da doya ɗaure a tsumma. Ina tsaye wajen rijiya ta wuce bayan gida, na bi ta. Ta daɗe tana duban ginin. Ta ɗora tafin hannunta a kan bulo, kamar mai taɓa goshin marar lafiya. Ban ji kukan tsuntsu ba, ban ji ƙarar mashin a titi ba.

"Gini ya yi kyau," ta ce. Can ta ƙara, "Da ka gaya mini, da na ce ka matsa kaɗan. Ni ba ni da faɗi."

Ta kwance tsumman, ta zaɓi doya biyu manya ta ajiye a ƙofar ɗakina. Na so in ce zan rushe. Kalmar ta zo har bakina, sai na tuna buhunan simintin da suka shiga, na haɗiye ta.

Bayan Kirsimeti babban ɗanta ya zo ya ɗauke ta. Damina ba ta ƙare ba aka aiko mini ta rasu. Na hau mashin zuwa Fadan Kagoma cikin yayyafi, gonakin dawa suna wucewa kamar ana jan su a ruwa. A bakin gonar danginta aka sa ta, nesa da mijinta, mata suna waƙoƙin coci da yarensu.

Da aka watse, na ja babban ɗanta gefe. Na ce ina da laifin da zan faɗa masa game da filin nan na bayan gida.

"A'a Malam, babu komai," in ji shi, yana riƙe da hannuna. "Ai Mama ta gaya mana. Ta ce ita ce ta canza ra'ayi, ta ba ka wurin da kanta, wai minsharin Baba ya ishe ta haka."

Ya yi dariya yana share ido. Na ce masa ba haka aka yi ba, na fara ba shi labari tun daga ranar da na kira magini.