Ummaru, wanda tayar kekensa ke sacewa a ƙofar gidan mutane

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina dawowa daga sallar asuba labari ya iske ni: Ummaru mai keke ya rasu a Bakura, bayan ɗan zazzaɓi. Har yanzu ban iya karyawa ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne wanda shan inna ya cinye wa ƙafafu tun yana ƙarami, yake tuƙa kekensa da hannu.

Ga yadda muka haɗu. Ina da jika, Dije. Ba ta magana, ba ta kallon mutum a ido, hayaniya kuwa sai ta toshe kunne ta yi ta ihu. Aka ce iska ce. Mun sha hayaƙi har bangon ɗaki ya yi baƙi. Da bakin mutane ya ishe mu, ta daina fitowa.

Rannan sai ga bawan Allah a ƙofar gidana nan Mafara, wai tayarsa ta sace. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Muka gaisa, gajiya, iyali, damina. Sai ya ce, "Baba, ina Dije? A kawo ta mu gaisa mana."

Rabon da wani baƙo ya ambaci sunanta, na manta.

Aka fito da ita. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta zauna tana juya ƙafar keken. Ya ƙyale ta. Can ya ce akwai wata ƙungiyar agaji da ke zuwa daga Gusau, suna duba irin yaran nan, suna koya wa iyaye yadda za a zauna da su. Na ce ni ban saba roƙo ba.

"Wa ya ce ka roƙa, Baba? Raka ni za ka yi, ka tura mini keke."

Na tura. Yau Dije tana nuna abin da take so da hannu, uwarta tana barci.

Sai daga baya na gane tayar nan lafiyarta lau. Shi ke sace iskar. Ya san magidanci zai kori mai kawo taimako, amma ba zai kori gurgu da taya ba iska ba.

Talatar da ta wuce na gan shi a kasuwa. Na ce, "Ummaru, yau a ƙofar wa tayar za ta sace?"

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Akwai wani gida a Tsibiri, Baba. Ɗiyarsu ɗaure take da igiya a turke, don kar ta ɓace. Sunanta Luba. Uban akwai zafin kai. In na samu mai babur, can zan tahi."

Bai samu zuwa ba.

Luba tana nan a turken, kuma ban san wani da ya san sunanta a wajen gidan ba sai ni. Hanyar Maradun, wadda ake bi zuwa Tsibiri, kun san halin rashin tsaron da take ciki. Amma ina da tsohon babur, kuma na ga yadda ake sace iska.

Allah Ya jiƙan Ummaru, Ya tashe shi da ƙafafunsa a Aljanna. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya haɗa da Luba. Ni ma ku roƙa mini, Allah Ya sa uban ya shimfiɗa mini tabarma.