Ranar da Na Ɓuya a Ƙarƙashin Gadon Kakata

Akwai wata Asabar a unguwar Muchia da ko haƙorana sun zube don tsufa ba zan manta da ita ba. A ranar na auna bangaskiyata na ga tsawonta, kuma ina kwance ruf da ciki a ƙarƙashin gado na yi awon.

Lokacin ina aji uku a jami'a, ina haya a wani ɗan ɗaki a Samaru. Ni ne sakataren addu'a na zumuntar ɗalibai, muƙamin da ba wanda ya nema sai ni, amma na riƙe shi kamar bishop aka naɗa ni. Ko ana zafin da kwalta ke narkewa, ba a ganina ba taye a wuya. Wa'azina kuwa guda ne: mai bi ba ya tsoron mutuwa. Ina faɗa ina buga ƙafa, 'yan matan layin gaba suna amin. Shekaruna ashirin da biyu, ban taɓa jinyar kwana uku ba, ban taɓa ganin gawa kusa da kusa ba. Mai irin wannan lafiya ai dole ya iya zagin mutuwa.

Kakata ta wajen uwa tana zaune gidan kawuna a Muchia. Ta ƙare ƙarfinta tana toya waina a bakin kasuwar Sabon Gari. Ba ta iya karatu ba, amma waƙoƙin coci duk suna kanta. Ciwon hanta ya kama ta, cikinta ya kumbura, likitoci suka ce a maido ta gida a riƙa ba ta abin da ranta ke so. Kowa ya gane maganar, ita ma ta gane. Ta kira matan zumuntar cocinsu ta lissafa musu waƙoƙin da take so a yi ranar bisonta, ta kuma ja musu kunne kada a bar wata ƙawarta ta ja baki, domin muryarta na firgita jarirai.

Ni da ilimina na ɗauki wannan a matsayin rashin bangaskiya. Na hau acaɓa har Jushi na ɗauko wani fasto da ake yayinsa a lokacin. Cocinsa tsohon shago ne, lasifika biyun da ya kafa sun fi ƙofar girma, a allonsa kuma an rubuta cewa mutuwa ba ta shiga inda ya taka. Ya biyo ni cikin farar kwat da takalmi mai tsini, riƙe da kwalbar man zaitun.

Kaka ta ɗago kai ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta dube ni. Maigida take kirana, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, ango ka kawo mini? Ai kun makara."

"Kaka, mutumin Allah ne. Ya zo ya kori mutuwa."

"Ya kore ta zuwa gidan wa?"

Fasto bai yi dariya ba. Ya dafa goshinta ya ce, "Mama, ba za ki mutu ba. Na soke ta. Ki ce amin."

Ta ce, "Ɗana, ka roƙa mini ciwon nan ya sassauta in samu in runtsa. Amma mutuwa, uwata ta yi ta, mijina ya yi ta. Yesu ma bai kewaye ta ba, shiga ya yi ya fito ta ɗaya ƙofar. Ni wace ce?"

Ya juyo ya ce mini ruhun mutuwa ne ke magana da bakinta. Na gyaɗa kai, Allah ya gafarta mini. Ya tuɓe kwat ya fara. Yana tsalle, yana nuna kusurwar ɗaki, yana kiran mutuwa ta fito su yi gaba da gaba in ta isa. Ni ina bayansa ina zuba amin har jijiyar wuyana ta tashi.

Sai muka ji wata ƙara kamar an harba bindiga a bakin taga.

Shekarun nan ne na bayan rikicin Kaduna, lokacin da ko kwano ya faɗi a Sabon Gari sai an fara rufe shaguna. A waje aka ɗauki gudu, wata mata na ihu, "An fara, an fara." Har yau ban san yadda aka yi na shige ƙarƙashin gadon Kaka ba. Abin da na sani, da na isa na tarar fasto ya riga ni. Ƙaton mutum, ya dunƙule kansa dab da fon fitsarin mara lafiya, man zaitun ya tsiyaye masa a wando. Ya zungure ni da gwiwar hannu yana raɗa, "Matsa mana. Gidan nan akwai ƙofar baya?"

Can na ji gadon na girgiza a kanmu. Na ɗauka ranta ne ke fita. Ashe dariya take. Ta sauko da siririn hannunta ta ɗaga zanen gado.

"Ku fito, jarumawa. Taya ce ta fashe wajen mai faci, na saba jin ta. In ma mutuwar ce, ni take nema, ku layi bai zo kanku ba."

Fasto ya fito yana karkaɗe gwiwa, ya ce an nuna masa wani abu da aka binne a ƙarƙashin gadon, shi ya sauka ya yaƙa. Ya ɗauki kwat ɗinsa ya tafi ko addu'ar bai rufe ba.

Na zauna a bakin gado, na kasa haɗa ido da ita. Da kyar na ce, "Kaka, ke ba kya jin tsoro?"

"Ina ji mana. In ciwon ya taso har kuka nake yi. Amma tun ina yarinya nake hannun Yesu, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ya ce zai tashe ni, to zai tashe ni. A gona na girma, Maigida. Mun binne dawa sau nawa, ban ga babana ya zauna makokinta ba."

Bayan mako uku ta cika, da hantsi, ta gama shan kunu ke nan. A maƙabarta kawuna ya ce mai wa'azin gida, wato ni, ya faɗi wani abu. Na buɗe baki, duk manyan kalmomin nan suka gudu suka bar ni. Abin da ya fito kawai shi ne, "Kaka, sai mun haɗu." Shi ne wa'azin farko da na yi wanda na gaskata.

Fasto kuwa na ji ya koma babban birni, coci ya zama bene, har yanzu yana soke mutuwa duk Lahadi, mutane kuma suna ta mutuwa abinsu.

Abin da na koya shi ne, ƙarfin murya ba bangaskiya ba ne, kuma jin tsoro ba rashinta ba ne. Mai begen tashin matattu ba alkawari aka yi masa cewa kabari zai tsallake gidansu ba. An dai faɗa masa wanda zai zo ya buɗe, shi kuma ya yarda, ko da jikinsa na rawa.