Malam Attahiru da ɗigon sunana

Shekara goma sha ɗaya ina share ofishin da Malam Attahiru yake aiki a Tambuwal, tun bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙan shi. Malam mutumin Kebbe ne. Ya fara buga tafireta a shekarar da aka yi Jihar Sakkwato. Tafiretar tana da maɓalli ɗaya mai sanyi, na ɗigon sama irin na Hauwa'u, sai ya buga shi sau biyu yake fitowa. Hannunshi ya saba.

Da aka kawo kwamfuta, gwiwoyinshi sun riga sun gaji, yana son komawa gonarshi. Shugaban ofis ya ce ya shigar da sunayen ma'aikata duka, sannan a sallame shi.

Allon baƙi ne, rubutun kore. Abin da aka zana a kan maɓalli daban, abin da ke fitowa daban. Maɓallin gogewa ma ba ya gogewa, sai ya ƙara wata H mai hula. Malam ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa, yana liƙa 'yar takarda da abin da kowanne ke haifarwa. Sati biyu ya yi a haka.

Sai ya zo kan sunana, Ni'imatu. Da ya danna ɗigon, na'urar ta tsaya cak, tana jiran wani abu. Duk abin da ya rubuta ta haɗiye.

Ya ce, "Malama Ni'ima, mi kika yi ma wagga aba?"

Na ce, "Ƙura ɗai nika goge mata, Malam."

"To ta ƙi ki. Ko mu cire ɗigon?"

"Sunan da aka raɗa mani ke nan."

Ya ce gaskiya ne. Kwana uku muna nan ba mu shiga na'urar ba, mu tara masu ɗigo a suna. Ranar Laraba bayan Azahar, yana magana da ni bai kula ba, tsohon hannun ya buga ɗigon sau biyu. Na shiga.

Ya gama a ranar, har ya ɗaure littattafanshi da igiya. Shugaba ya zo ya duba takardun da ke liƙe, ya tambayi wa kuma ya iya wannan. Babu kowa.

Ya ce, "Baba, sai ka ɗan ƙara haƙuri."

Damina huɗu ke nan, Malam bai koma gonar ba. Ina share ƙarƙashin teburin, littattafan na nan a ɗaure.