Sunan Kaka

Duk sanda ruwan farko ya sauka a Katsina, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan nata, Kaka nake tunawa, kuma raina ɓaci yake yi.

A Ƙofar Kwaya muke haya. Aikin gwamnati ne ya kawo Baba daga kudancin Kaduna, ya taho da mahaifiyarsa. Yana da wani littafi mai baƙin bango, tarihin manyan Kiristocin duniya: wanda aka ƙona da ransa bai musanta Yesu ba, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki, wadda ta ƙare rayuwarta tana jinyar kutare. Kowace Lahadi bayan sujada sai ya jera mu a tabarma mu kawo sunayensu da ka. Ka yi tuntuɓe a ɗaya, ka sha ranƙwashi. Har gobe ko daga barci ka tashe ni zan zubo maka su tas.

Kaka tana gefe tana tankaɗen acca, ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa ba. Ita ce kuwa ta yi rani guda tana dakon ƙasa a ka, ita da mata huɗu, har aka ta da cocinmu na farko. Kowace bazara tana cikin masu yaɓe, zaninta na ƙamshin laka. Tsakiyar kanta ba gashi, muna tsokanarta, tana cewa gammo ne ya cinye.

Na taɓa tambayar Baba ko Kaka na cikin littafin. Ya yi dariya har da ƙwalla. Ita kuwa ta ce, “Rabu da shi, maigidana. Wanda na yi wa ya san ni.”

Bara, Kaka ta daɗe da rasuwa, aka gama sabon ginin coci, aka ce za a sassaƙa sunayen matan nan biyar a jikin dutse. Wani dattijon ikilisiya ya kira ni ya tambayi ainihin sunanta. Na buɗe baki, ban sami komai ba sai Kaka. Baba bai taɓa faɗin sunan uwarsa ba, kunya ta hana, ga shi ƙasa ta rufe shi. Mama ba ta kama sunan suruka. Maƙwabta Iya suke ce mata. Na buga waya ƙauye, waɗanda suka sani duk sun kau.

Cocin yanzu sai ƙyalli, babu sauran mai yaɓe. Littafin Baba yana wurina, ban ƙara buɗe shi ba. Ran Lahadi nakan tsaya gaban dutsen in karanta sunaye huɗu, sannan layi na biyar: da wata baiwar Allah.