Ƙwaryar Furar da Na Ture

Ko tsufa ya cinye mini hankali har na manta sunan unguwarmu, ba zan manta ranar da na ture ƙwaryar furar gwaggona ba.

Shekarar fari ce, sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. Manya na manne da rediyo, mu kuwa ƴan mata huɗu a unguwar Dagmanet damuwarmu ɗaya ce, kada a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, da la'asar. Maƙwabcinmu yana da parabol mai kamo tashoshin talabijin na waje, kuma akwai wani shiri da ake nuna ƴaƴan masu kuɗi na wata ƙasa, kyamara na bin su daga gado zuwa bakin tafkin wanka. Ba aikin fari ba na baƙi, sai faɗa a kan takalmi. Muka ɗauke su malamanmu. Muka sayi baƙin lunet, wato tabarau, a kasuwa, muna sawa har cikin ɗaki muna tuntuɓe da buta. Wata ƙawata ta ga suna yawo da ƙananan karnuka, ta cusa ɗan kyanwa a jaka, ya yi mata fitsari a kan takardunta. Ni kuwa darasin abinci na fi haddacewa: a kawo musu faranti, su ɗanɗani loma ɗaya, su ture da yatsa biyu. A tawa wautar wannan ita ce wayewa.

Ana haka gwaggo, yayar babana, ta iso gari. Ita ta yaye ni, na shekara bakwai a hannunta a daji, kuma ko a gaban ƴaƴan cikinta ni take fara miƙa wa ƙwarya. Wannan gatan nake taƙama da shi a dangi. Dabbobinsu sun ƙare, saura akuya ɗaya, suka kafa bukkar tabarma a bayan gari. Babana ya ce in je in gaishe ta. Na hau kabu-kabu da lunet ɗina, sai ka ce wadda za ta filin jirgi.

Ta rungume ni tana shafa mini kai. Ta sa surukarta, mai goyo, ta tatso akuyar, abin da aka samu bai cika kofin shayi uku ba. Ta daka ɗan geron da ya rage da guntun cuku da dabino biyu, ta dama da hannunta, ta ajiye a gabana. Surukar ta kau da kai tana haɗiyar yawu. Ba zan yi ƙarya in ce ban gani ba.

Na kurɓi ludayi ɗaya, na ture ƙwaryar da yatsa biyu, daidai yadda na koya. Na ce na gode, amma ina rage ƙiba ne, gero yana sa teɓa.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta naɗe hannun rigarta ta ɗaga hannu sama, munduwarta ta zame ta wuce gwiwar hannu.

"To ki zauna da mu kwana goma, ƴata," ta ce. "Mu kyauta muka samu, ko nema ba mu yi ba."

Ta ɗauki ƙwaryar ta miƙa wa surukarta. Kunya ta kama ni har na ji kamar in nutse. Ranar ce kaɗai lunet ɗin nan ya yi mini amfani, don ya ɓoye mini hawaye.

Gwaggo ta yi shekara shida a duniya bayan nan. Duk lokacin da na je, za ta tarbe ni da fara'a, ta ba ni ruwa a moɗa, shi ke nan. Na sha roƙon gafara, takan ce ai ba komai, ba ta so ne ta ɓata mini jiki. Har ta rasu ba ta sake miƙo mini ƙwarya ba.

Waɗancan ƴaƴan masu kuɗi ko sanin ina duniya ba su yi ba, amma saboda su na rasa gurbina a wurin wadda ta goye ni. Tun daga ranar na gane, kafin ka kwaikwayi mai ture faranti, ka fara duba bakin wa aka hana don a cika naka.