Gemun Baba

Baba, Allah ya jiƙansa, ya daɗe da barin aikin soja, amma reza ba ta bar hannunsa ba. Kullum bayan asuba sai ya rataye madubi a ƙusar bangon tsakar gida, ya aske haɓarsa tas. Tsofaffin masallacinmu na Unguwar Kanawa suna tsokanarsa wai ango, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce al'adar bariki ce ta bi masa jini.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, magana ta ɗauke, sai muka sa wanzami yana zuwa. Baffa, yayan Baba, shi ya sallami wanzamin. Ya ce mutumin da ya kusa komawa ga Ubangijinsa gara ya tafi da sunna a fuskarsa. Ba mugunta ba ce, Baffa yana son ƙaninsa, ni kuma a lokacin ba ni da ƙarfin musu da kowa. Daga ofis in biya kantin magani, in zo in juya Baba, in wanke zannuwan gado, sannan in kama hanyar Hayin Banki wurin yarana. Na gaji, irin gajiyar da ko kuka ba ya fita. Na ce a raina, gemu ne kawai, ya tsiro mana.

Ya kuwa tsiro, fari fat, babu kyan gani. Baba ya riƙa kai hannunsa mai lafiya yana cizgarsa har fatar ta yi ja. In an zo dubiya sai ya juya fuska bango. Daga baya ya fara datse baki in an kawo kunu, ƙarfinsa na ta raguwa. Likita ya ce ciwon ne. Umma dai ta ci gaba da dama kunu. Duk shekarun da ta yi tana bin Baba daga wannan bariki zuwa wancan, ba ta taɓa ɗaga murya gaban dangin miji ba.

Wata Asabar na tarar da ita durƙushe gaban gadonsa da ruwan ɗumi da sabulu da rezarsa. Ba ta taɓa yi wa kowa aski ba. Ta ce in riƙe masa kai. Ta ɗan yanke shi, bai ko motsa ba, sai ma ya ɗaga haɓa don ta samu sauƙi. Da ta gama, ya buɗe baki ya karɓi kunun da ya ƙi tun safe.

Ina cikin ba shi Baffa ya yi sallama. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo.

"Yaya, ka yi haƙuri," in ji Umma, kanta a ƙasa. "Ya gaya mini, bakin ne kawai babu."

Baffa ya shigo, ya dubi fuskar Baba. Can ya zauna a bakin gadon, ya miƙo hannu a ba shi rezar, ya ce an bar ɗan wuri a ƙarƙashin kunne.